Masu Zaman Shiru a Ɗakin Gyaɗar Babana

Ni dai mai facin keke ne, kuma karatuna na boko bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma ɗin malamin ne ya roƙe ni in riƙa hutawa a gida saboda surutu. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ɗauka masani ne ke ba da labarin addinin mutane. Abin da idona ya gani ne kawai, da abin da kunnena ya kwaso, kuma kunnen nan nawa ya fi idon son aiki.

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, Talata Mafara ta cika da baƙi har mutum ya rasa wanda zai tsaya ya gaisar da wanda zai ɗaga wa hannu ya wuce. Direbobin tifa, masu walda, kafintoci, kukun Turawa, kowa da harshensa. Duk mai ɗaki ya zama mai gidan haya. Ni ma ina da nawa, wani ɗaki mai faɗi a bakin hanya, inda babana ke jibge buhunan gyaɗa kafin gyaɗa ta juya mana baya. A jikin bangonsa ta waje na kafa rumfar facina, kuma a nan majalisarmu take zama kullum bayan la'asar.

Akwai wani birkila mutumin ƙasar Zuru, gajere, kakkaura, mai Hausa a baki kamar a nan aka yanke masa cibi. Kekensa ba ya mako bai zo hannuna ba, kuma ba zan ce laifin hanya ne kaɗai ba. Wata rana ina cikin shafa masa gam ya ce shi da wasu 'yan cocinsu suna neman wurin yin addu'a duk ranar Alhamis da yamma. Suna da coci a sansanin ma'aikata, amma injin fasa dutse da janareto ba sa barin mutum ya ji ko tarin kansa.

Na ce, "Birkila, ɗaki akwai. Amma na taɓa wucewa ta wurinku ran Lahadi, na ji abin da kuke yi wa ganga. In anka kira salla, ku aje ta."

Ya ce, "Mai gida, ba za ka ji mu ba."

Na yi dariya har na ɗiga gam a wandona.

Alhamis ta zo. Suka iso ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, ba su cika ɗakin ba. A gabansu wata dattijuwa mai farin ɗankwali, unguwarzoma ce a asibitin sansanin, kowa Mama yake ce mata. Suka gaisa da mu, suka tuɓe takalma a bakin ƙofa, suka shiga. Na ce wa 'yan majalisa su gyara zama, yau za mu sha kiɗa kyauta.

Muka jira. Babu ganga, babu waƙa, babu ko tafi. Na ɗauki famfon keke kamar zan zagaya, na leƙa ta ƙofa. Ga su nan zaune bisa tabarmi sun yi da'ira, kai a sunkuye, hannu bisa cinya, ba mai ko motsi.

To mu a nan, abu ɗaya ne ke sa manya su taru su zauna haka ba magana. Na ruga cikin gida na ce wa uwargida an yi wa baƙinmu rasuwa. Ta saki muciya ta yi salati. Kafin su fito ta dama kunu cike da ƙwarya, ta yafa mayafi, ta kira matan maƙwabta. Mu kuma maza muka jeru a bakin ƙofa, muka cire fara'a daga fuska. Birkila na fitowa na kama hannunsa da hannu biyu.

"Ya haƙuri? Allah shi ba ku dangana. Namiji ne ko mace?"

Ya dube ni, ya dubi layin mutane, ya dubi ƙwaryar kunu. Ya ce, "Mai gida, ba wanda ya mutu."

"To mi kunka zauna yi?"

"Addu'a."

"Da wane baki?"

Mama ta yi dariya har da riƙe haƙarƙari. Ta karɓi kunun ta yi godiya, suka sha, suka tafi. Uwargida ta bi ni da wani kallo da ban manta ba, ta ce daga yau in na kawo labari sai ta aiki wani ya duba.

Da abin ya tsaya nan, da dariya ce kawai. Amma lokacin ba na dariya ba ne. Ruwa ya hau gonakin mutanen Maradun, na Bakura suna kukan fadama ta daina cika, mu kuma nan kamfanin dam ya zo da manyan injuna ya baje gonaki har mutum bai gane iyakarsa da ta ƙanensa. Maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Duk wannan a rumfata ake amayar da shi, da zagi, da sunaye. Akwai wani tsoho a cikinmu da ya baro ƙauyensu ta wajen Maradun ya dawo gidan 'yarsa, mai wani tari da ba ya barinsa ya kai ƙarshen magana. Shi bai cika zagi ba. Gonarsa kawai yake lissafa wa mutane, daga tsamiya zuwa suri, kamar tana nan.

Wanzamin unguwarmu ne ya fara tada zancen, bayan Alhamis ta uku ko ta huɗu. Ya rage murya ya nuna bango da haɓa.

"Ku dai ba ku da wayo. Mutanen wa ne waɗanga? Na kamfani. Albashin wa suke ci? Na kamfani. Garin ga duk ba su ga ɗaki ba sai wanda muke jingine da shi? Kun taɓa ganin Kirista ya yi ibada ba waƙa? Sun yi shiru ne don su ji da kyau."

Majalisa ta yi tsit, irin tsit ɗin da ba ta taɓa yi ba. Ni kaina sai na ji bangon ya yi mini sanyi a baya. Na tuna yadda birkila ya ce ba za mu ji su ba. Bai ce su ba za su ji mu ba.

Daga ranar na sa musu ido. Komai nasu ya zama abin tuhuma. In sun gaishe mu da fara'a, na ce ga ladabin munafunci. In sun wuce da sauri, na ce suna gaggawar kai rahoto. Wani mai walda a cikinsu yana da biro a aljihun riga, na ƙi jinin biron nan kamar shi ya cinye gonata.

Sai na ƙirƙiro dabara, kuma har yau ina ganin ba ta da laifi. Wata Alhamis da suka shiga suka yi shirunsu, na matsa jikin bango na ɗaga murya, na ba majalisa labarin wani mutum a Damri da ya tumbuke turakun da safiyo mai awon gonaki ya kafa duka ya zuba a rijiyar bayan gidansa. Babu mutumin, babu rijiyar. Na ce a raina, in 'yan sanda sun nufi Damri, an gane mai kai magana.

Ban ji 'yan sanda sun je ko'ina ba. Amma ran Talata a kasuwa, wani mai albasa daga Ruwan Gizo ya ja ni gefe ya ba ni labarin nan kaf, ya ƙara da cewa mutumin har hular safiyon ya jefa a rijiyar, kuma surukinsa ne, amma kada in faɗa wa kowa. Da na bi sawu, wanzami ne ya kai labarin kasuwa, kai ɗaya bayan ɗaya, yana aski yana rabawa.

Na faɗa wa majalisa gaskiya. Maimakon a yaba mini, aka hau ni da faɗa. Wanzami ya ce wannan ma shaida ce: ɗan leƙen asirin da ya ƙware ya san tarko in ya gan shi. Shi ne ya kai magana gaban mai unguwa.

Mai unguwa ya kira ni zaurensa. Bayan mun gama gaisuwa, mun tambayi gida da gajiya da iyali da sanyi har da lafiyar jakinsa, ya ce, "Ɗakinka ne, amma unguwa tawa ce. Alhamis mai zuwa ka shiga ka zauna da su, ka zo ka gaya mani mi suke yi. In ban gamsu ba, su nemi wani wuri, kuma ba cikin unguwar ga ba."

Na biya wurin liman tukuna. Ya ce in je in gani, kada in ce amin ga abin da ban sani ba, kuma magariba ta same ni a masallaci.

Da na gaya wa birkila zan shiga, ban ɓoye masa dalili ba. Ya murza hularsa. Ya ce, "Mai gida, mun nema ko'ina kafin mu zo wurinka. In ka kore mu, shi ke nan, sai dai mu koma gindin injin." Na ci gaba da neman hujin tayarsa cikin ruwa, alhali na riga na gan shi.

Ran Alhamis Mama ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Mai gida, duk gaisuwar da ke bakinka ka juye ta nan waje, don a ciki ba mai amsa maka." Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaisar, har mai biro. Na tuɓe takalma na shiga ɗakin ubana kamar baƙo.

Babu komai a ciki sai tabarmi da wani ɗan gicciye na itace da suka jingina a taga. Mama ta karanta layi guda daga littafinsu, a hankali, ta maimaita, ta rufe. Ta ce kowa ya miƙe bayansa, ya saki kafaɗa, ya riƙe kalma ɗaya gajera, sunan Ubangiji da ya fi kwanta masa a rai, yana faɗinta a zuci tare da numfashi. Ta ce, "Zuciya za ta tsinke kamar akuya ta shiga gonar mutane. Kada ka duke ta. Ka jawo ta a hankali ka mayar." Sannan ta dube ni ta ce, "Kai ka riƙe naka. Kuna da shi ai, na ga carbi a aljihunka."

Suka rufe ido. Ni na rufe ɗaya.

Sai na ji muryar wanzami, tar, kamar a kan kafaɗata yake zaune.

"Ya shiga. Ku bar shi, wanda facinsa ba ya kwana biyu, shi za a aika bincike?"

Aka kwashe da dariya. Na gane dariyar kowa. Wani ya ce ai uwargidata ce namijin gidan. Wani ya ce bakina ya fi tayoyin da nake liƙewa yoyo. Mutanen da suka san ina ciki ke nan, kuma su ne suka ce ana saurarensu! Ba a jima ba suka manta da ni suka koma zancen kullum. Wani ya faɗi sunan waɗanda suka ja itatuwa suka tare wa injuna hanya a makon da ya wuce, da sunan wanda ya ba da amalanke. Tsakanin bango da jinka akwai rata da ban taɓa lura da ita ba, maganar tana zubowa ta nan kamar hatsi daga buhu.

Ashe wanzami ya yi gaskiya, ana ji, har numfashi. Na buɗe ido na biyu na bi fuskokinsu ina neman wanda kunnensa zai motsa. Na fi tsare mai biro. Ba abin da ya motsa a jikinsa sai ƙirji. Ƙuda ya sauka a goshin birkila ya yi yawonsa ya gaji ya tashi.

Sai tsohon nan na Maradun ya fara tarinsa. Da ya lafa ya ce, ba da kowa yake ba, kabarin babansa yanzu kifi ke kwana a kai. A cikin ɗaki na ga wata mata hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba, ba ta buɗe ido ba. Na ce a raina ko dai ta ƙware ƙwarai, ko kuma ban san abin da nake kallo ba.

Da na gaji da gadi na ce bari in gwada abin nasu da nawa. Na kama carbi cikin aljihu. Akuyata kuwa ba ta tsaya ko gaisawa ba: ta tafi wurin tuwon dare, ta tafi wurin amsar da zan ba wanda ya ce bakina na yoyo, ta dawo ta koma. Can dai, ban san yadda aka yi ba, na ji ƙanshin gyaɗa. Shekara da shekaru ba buhu ko ɗaya a ɗakin, amma yana nan cikin ƙasar bango. Na ga babana zaune a bakin ƙofa yana ɗinke buhu da basilla, bai ce mini komai ba, kamar yadda ya saba. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Muryar Mama ce ta dawo da ni, suna karanta wata addu'a tare a hankali. Ban ce amin ba. Na dai share fuska da hannun riga, saboda ƙurar ɗakin.

A waje na ja birkila bayan ɗaki.

"Kuna jin mu."

"Muna ji, mai gida. Tun ranar farko."

"Da sunaye."

"Da sunaye. Har labarinka na Damri. Mai walda ya kusa fashewa da dariya, don ya san muryarka in kana ƙarya."

"To mi kuke yi da abin da kunka ji?"

Ya ce da farko abin ya dame su, har sun ce wa Mama a canza rana. Ta ce a'a, duk abin da ya shigo, ko ta kunne ko ta zuci, a ajiye shi gaban Allah a koma ga kalma. Ya ce, "Baban nan mai tari, ba mu san sunansa ba. Amma tun damina muke ajiye shi."

"Don mi ba ku gaya mani ana ji ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Mun ji tsoron ka kore mu."

Na tafi masallaci da wannan a kaina. In na ce wa mai unguwa ba sa jin komai, na yi ƙarya a kan abin da zai iya kai mutane gidan yari. In na ce suna ji, sun rasa ɗaki. Kuma wa ya ce mini birkila gaskiya ya faɗa? Mutumin da ya iya zaunawa ƙuda na yawo a goshinsa bai kore shi ba, ai zai iya komai.

Da safe na je zauren mai unguwa, wanzami ya riga ni zama.

"Mi suke yi?"

"Ranka shi daɗe, ba su yin komai. Na zauna na gani. Wahala gare shi kuwa, ni ban iya ba."

"Suna jin ku?"

Na dubi wanzami. Na ce, "Suna ji. Ni ma na ji. Na ji an ce facina ba ya kwana biyu."

Wanzami ya ce, "To ƙarya anka yi?"

Mai unguwa ya ɗaga masa hannu. Na ce tun damina suke jin sunaye, sunayen da in an kai su inda ake tsoro, da yanzu rabin rumfata ba sa kwana gida. Ba a taɓa kowa ba. Labari ɗaya da ya fita daga rumfar nan ya zaga ƙasa, na san wanda ya fitar da shi, kuma ba ya zuwa coci. Na ce ban rantse a kan zuciyar kowa ba, abin da na gani ke nan.

Mai unguwa ya ce, "Ka ce wanda ya kama ɗakin birkila ne?"

"Awo."

"To shi toshe ratar, shi ƙara wa bangon kauri. Su zauna. Ku kuma ku rage baki."

Rabin hukuncin ne kawai aka bi. Birkila da mutanensa suka zo ran Asabar suka kwaɓa ƙasa, suka yi wa bangon riɓi har sama. Na shiga na sa wanzami ya zage ni daga waje don gwaji, ya yi da zuciya ɗaya, ban ji komai ba sai gunji. Suka ci gaba da zuwa har aikin dam ya ƙare, aka watse. Da abubuwa suka ɓaci daga baya tsakanin manoma da 'yan sanda, yadda duk mutumin ƙasar nan ya sani, ba a zo rumfata neman kowa ba. Wanzami har ya koma ga Allah yana cewa sa'a ce kawai. Ni ma wani lokaci in na tuna biron nan sai in ce ko dai. Mutumin da zai ji magana ya riƙe ta wata da watanni bai gaya wa ko matarsa ba, irina ba zai taɓa sakin jiki da shi duka ba.

Labarin abin da birkila ya gaya mini kuwa, kun san bakina, ba sai na faɗi wanda ya baza shi a majalisa ba. Bayan an gama bango da kamar mako biyu, wata Alhamis, tsohon nan mai tari ya jira kowa ya tashi zuwa alwala, ya matso kusa da ni.

"Ɗana, yanzu da anka toshe, ba su jin tarina ko?"

Na ce, "Ba su ji, Baba."

Ya dubi takalman da ke jere a bakin ƙofa. Ya ce, "To in sun fito ka gaya ma gajeren nan ina nan dai. Tarin ma yana nan."

Na ce zan faɗa. Kuma na faɗa, don wannan aikin dai na iya shi.